Muhawara: Wakilin rajista a ƙasar waje zai iya ba ni izinin aika kuɗi daga Yamai?

Dan_Ader_Katako:
Assalamu alaikum, 'yan uwa da iyayenmu da ke cikin wannan zaure. Ni mutumin Tahoua ne, ina da shagon kayan gini a Katako, kuma shekaru da dama ke nan 'yan garinmu da ke ci-rani a Abijan da Kano da Amurka suna biyowa ta hannuna idan za su aika wa iyalansu kuɗin cefane ko na gini. Abin ya girma har ya fi ƙarfin littafi da waya, shi ya sa nake son in mayar da shi kamfani na sosai mai manhaja da takardu. Wani matashi da ke kiran kansa mai ba da shawara ya same ni da wata dabara. Ya ce ba sai na sha wahalar BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, ba, domin zai buɗe mini kamfani a jihar Delaware ta Amurka, ya ɗaukar mini wakilin rajista mai adireshi a can, sannan wakilin ya samo mini takardar FinCEN, wato hukumar Amurka mai yaƙi da laifukan kuɗi, takardar da a cewarsa ita ce lasisin aika kuɗi ko'ina a duniya. Ya nemi sefa miliyan uku, rabi kafin aiki, rabi bayan takardu sun fito. Tambayata ita ce, mene ne ainihin aikin wannan wakili, kuma adireshinsa da takardar da zai samo sun isa in karɓi kuɗin mutane a Yamai ba tare da na taka doka ba?

Maitre_Plateau:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yi kyau da ka tambaya kafin ka biya rabin nan. Aikin wakilin rajista a Delaware ƙarami ne ƙwarai, kuma doka ta iyakance shi. Kowane kamfani da aka kafa a jihar wajibi ne ya kasance da mutum ko ofishi mai adireshi na zahiri a cikin jihar, wanda yake buɗe a lokutan aiki, domin idan an kai ƙarar kamfanin a sami hannun da za a danƙa wa sammaci, idan kuma gwamnatin jihar ta aiko da takardar haraji a sami inda za a ajiye ta. Shi ke nan. Wakilin ba darakta ba ne, ba shi da hannun jari, ba ya duba littafin kuɗinka, ba ya kuma ba da lasisin komai, domin shi kansa ba hukuma ba ne, ɗan kasuwa ne da ke sayar da adireshi da hidimar karɓar takarda.

Domin ka ga yadda abin yake, akwai wani gini guda a lamba 1209 kan titin North Orange a birnin Wilmington wanda jaridun Amurka suka ruwaito a 2012 cewa kamfanoni sama da 285,000 ne ke amfani da adireshinsa. Babu yadda za a yi ma'aikatan wannan gini su san abin da kowane kamfani yake saye da sayarwa, kuma ba a ɗora musu sanin ba. Saboda haka a raba abubuwa biyu da matashin nan ya cakuɗa maka: kafa kamfani daban, samun izinin taɓa kuɗin jama'a daban. Na farko yana ba ka suna a rajista, na biyu kuwa hukumar ƙasar da abokan cinikinka suke zaune ce kawai take ba da shi.

Tsohon_Zango:
Maître, in na fahimce ka, wannan wakili shi ne fatoma na zamanin da. Lokacin da iyayenmu suke kai shanu da albasa kudu, ba wanda yake sauka zango sai yana da mai masauki, wanda idan hukuma tana neman baƙo wurinsa take zuwa, idan mai saye yana neman baƙo shi ma wurinsa yake zuwa. Sai dai fatoma yana tsaya wa baƙonsa, idan baƙo ya gudu da bashi shi ake riƙewa. Shi wannan na Amurka yana tsayawa?

Maitre_Plateau:
Baba, Allah ya ƙara girma, nan ne suka rabu. Ba ya tsayawa ko kaɗan. Idan kamfanin ya ci kuɗin mutane, iyakar abin da wakilin zai yi shi ne ya karɓi sammacin ya tura wa lambar da aka ba shi.

Hajiya_Yantala:
Na yi aiki a sashen bin ƙa'ida na wani banki a nan Yamai har na yi ritaya, don haka bari in yi magana a kan ɓangaren gida, wanda shi ne ya fi shafar Alhaji. Duk wanda zai karɓi kuɗin mutum a Nijar da sunan aikawa ko ajiyewa a manhaja, dokar UMOA, ƙungiyar kuɗi ta ƙasashenmu masu sefa, ce take hawansa, ko da kamfaninsa an haife shi a Delaware ne ko a wata. Ƙasashe takwas ne a ƙarƙashin BCEAO: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Ficewar da Nijar ta yi daga CEDEAO a watan Janairun 2025 ba ta canza wannan ba, domin har yanzu muna cikin UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki ta waɗannan ƙasashe takwas, kuma da sefa muke ciniki.

Ƙofofin da aka tanada sanannu ne. Mai son fitar da kuɗin lantarki, wato irin wanda ake ajiyewa a waya, umarnin BCEAO mai lamba 008-05-2015 ya ɗora masa jari na aƙalla sefa miliyan 300 da aka biya gaba ɗaya kafin a ba shi izini. A watan Janairun 2024 an fitar da wani umarni mai lamba 001-01-2024 wanda ya buɗe wa ƙananan kamfanonin biyan kuɗi hanya, inda jarin yake farawa daga miliyan 10 zuwa miliyan 100 gwargwadon irin hidimar da mutum zai yi. Banki kuwa ba a ma maganarsa a nan, tun da an ɗaga mafi ƙarancin jarinsa daga biliyan 10 zuwa biliyan 20, kuma sai Hukumar Kula da Bankuna da ke Abijan ta amince. A dukkan waɗannan ƙofofi ana neman kamfani mai mazauni a ɗaya daga cikin ƙasashen ƙungiyar, da shugabannin da aka san fuskarsu da tarihinsu, da bayanin inda jarin ya fito, da tsarin sanin abokin ciniki. Ban taɓa ganin dosiyen da adireshin wakili a ƙasar waje ya cike gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abdou_Greensboro:
Ina gaida Hajiya da Maître. Ni a Amurka nake zaune, a jihar Karolina ta Arewa inda 'yan Nijar suke da yawa, kuma wannan takarda ta FinCEN ita ce aka fi yaudarar mutanenmu da ita. Ba lasisi ba ce, rajista ce. Mutum yana cike fom mai lamba 107 ta intanet, ba a biyan ko sisi, sai sunan kamfaninsa ya fito a jerin masu harkar kuɗi, kuma ana sabunta ta duk bayan shekara biyu. Ita kanta hukumar tana rubutawa a shafinta cewa fitowar suna a jerin ba amincewa ba ce kuma ba shaidar halacci ba ce. Lasisin aika kuɗi na gaskiya jiha-jiha ake nemansa, kowace jiha da kuɗinta da jinginar da take buƙata da binciken da take yi wa masu kamfani, har da ɗaukar hoton yatsu. Jihar Montana ce aka sani ba ta da irin wannan lasisi. Wanda ya karɓi kuɗin ɗan ci-rani a New York ko a nan wurinmu ba tare da lasisin jihar ba, dokar tarayya tana iya kai shi kurkuku har shekara biyar.

Akwai wuri guda da maganar wakili ta shigo da gaske. Tun 2011 FinCEN ta ce kamfanin da ke ƙasar waje amma yana yi wa mutanen da ke cikin Amurka hidimar kuɗi dole ya yi rajista, kuma dole ya naɗa mutumin da ke zaune a Amurka wanda zai karɓi takardun shari'a a madadinsa. Ku lura da manufar: an nemi wakilin ne domin hukuma ta sami hanyar kama ka, ba domin ta ba ka izini ba.

Dan_Ader_Katako:
Na gode ƙwarai, jikina ya fara sanyi. Na kira yaron na karanta masa abin da Malam Abdou ya rubuta, sai ya ce in Amurka ta yi tsauri akwai wani tsibiri mai suna Mwali inda wakili yake samo cikakken lasisin banki a cikin makonni kaɗan, har ya turo mini hoton wata takarda mai tambari da jan hatimi. Akwai wanda ya san wannan wuri?

Dan_Jarida_227:
Alhaji, Mwali ɗaya ne daga cikin tsibiran ƙasar Komoros, kuma Babban Bankin Komoros ya fito fili ya yi gargaɗi cewa ofisoshin da ke sayar da lasisin banki da sunan Mwali da Anjuwan ba su da hurumin yin haka, domin shi kaɗai ne yake ba da izinin harkar banki a ƙasar. Jan hatimi ba shi da wuyar bugawa. Irin wannan ne ake yi da tsibirin Saint Vincent, inda kamfanonin cinikin kuɗin waje ta intanet suke nuna takardar rajista kamar lasisi, alhali hukumar kuɗi ta can ta sha sanar da cewa ba ta ba da lasisin wannan sana'a kuma ba ta sa ido a kanta. Da yawa daga cikin manhajojin da suka cinye kuɗin matasanmu da sunan zuba jari, idan ka duba ƙasan shafinsu irin waɗannan adireshi za ka gani.

Amma ina da ja a kan maganar Maître cewa wakili ɗan karɓar wasiƙa ne kawai. Takardun Panama da aka fallasa a watan Afrilun 2016 sun fito ne daga ofishin lauyoyi guda, Mossack Fonseca, takardu miliyan 11.5 da suka shafi kamfanoni kusan 214,000, kuma babban aikin ofishin shi ne kafa kamfanoni da zama wakilinsu. Da wakili ba ya riƙe da sirri, da ba a sami abin fallasawa ba. Ofishin ya rufe a 2018, amma sana'ar ba ta mutu ba, tun da takardun Pandora na 2021 sun nuna wasu ofisoshin suna kan aikinsu.

Rabi_Manhaja:
Da izinin manya, ina ganin ana neman a yi wa sana'ar baki ɗaya baƙin fenti, kuma hakan ba adalci ba ne. Ni ina rubuta manhaja a nan Yamai ina sayar wa abokan ciniki a Turai da Kanada, kuma kamfanonin karɓar kuɗi ta kati irin su Stripe ba sa buɗe asusu ga kamfanin da ke Nijar. Na buɗe ƙaramin kamfani a Amurka, ina biyan wakilina kuɗin shekara, duk takardar da ta zo yana ɗaukar hotonta ya sa mini a akwatina a ranar, kuma yana tuna mini lokacin haraji tun da sauran wata guda. Bai taɓa ce mini shi hukuma ne ba, a yarjejeniyarmu ma an rubuta ƙarara cewa ba ya ba da shawarar shari'a. Bambancina da Alhaji shi ne ni aikin hannuna nake sayarwa, kuɗin da ke shigowa nawa ne, shi kuwa kuɗin wasu zai riƙe. Laifin na dillalin da ya tsaya tsakani ne, wanda ya ɗauki hidimar da ba ta kai dala ɗari uku a shekara ba ya naɗe ta ya kira ta lasisi.

Kwantabul_Wadata:
Ƙanwata Rabi, maganarki gaskiya ce, amma ina fata wakilin naki ko wani masani ya gaya miki zancen fom mai lamba 5472. Kamfanin LLC na Amurka, wato mai iyakantaccen alhaki, wanda mutum ɗaya baƙo ya mallaka wajibi ne ya aika wa hukumar haraji ta tarayya wannan fom a duk shekarar da kuɗi suka gudana tsakaninsa da mai shi, ko da jarin da aka zuba ne kawai, ko da ba a ci ribar dala ɗaya ba, kuma tarar rashin aikawa dala 25,000 ce. Yawancin wakilai ba sa tuna wa mutum wannan, domin harajin jiha kawai suke bi, wato harajin shekara da LLC na Delaware yake biya kafin 1 ga Yuni, wanda idan an makara ake ƙara tarar dala 200 da ruwa a kai kowane wata. Mutane suna ɗauka cewa tun da wakili bai yi magana ba babu abin da ake binsu, alhali shirunsa yana nufin abin ba ya cikin kwangilarsa ne kawai.

Sai kuma ɓangaren da kowa yake mantawa, wato dokar canjin kuɗi ta UEMOA. Mazaunin Nijar ba shi da 'yancin buɗe asusu a bankin ƙasar waje ko zuba jari a wajen yankin yadda ya ga dama, akwai izinin da ake nema tukuna ta hannun ma'aikatar kuɗi da BCEAO, kuma kuɗin abin da aka sayar a waje ana buƙatar a dawo da su gida ta banki. Wakilin da ke Wilmington bai san da wannan doka ba, ba kuma aikinsa ba ne ya sani. Ranar da ma'aikatan lampo ko na duwan suka tambayi inda kuɗin suka kwana, mai kamfanin ne zai amsa shi kaɗai.

Rabi_Manhaja:
Yaya, ina aika fom ɗin, amma wani akawu daban nake biya a kansa, ba wakilin ba. Zancen dokar canji kuwa zan zo ofis mu zauna.

Dan_Madaoua:
Ni abin da ya same ni ya shafi wanda yake riƙe da mabuɗi. Ina shigo da kayan gyaran babur, sai wani dillali ya buɗe mini kamfani a waje domin masu kaya su yarda da ni. Ashe da ya je wurin wakilin, sunansa da imel ɗinsa ya bayar a matsayin wanda za a riƙa tuntuɓa, ni kuwa takardar kafa kamfani kawai ya miƙo mini a cikin leda mai kyau. Bayan mun ɓata a kan wani lissafi ya daina biyan kuɗin wakilin, wakilin ya yi ta aika masa gargaɗi, daga ƙarshe ya ajiye wakilcin. Ban san komai ba sai ranar da bankin da nake hulɗa da shi ya nemi sabuwar shaidar cewa kamfanin yana raye, na nema aka ce an soke shi. Kayana suna tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya yana hawa, ni kuma ina neman lauyan da zai farfaɗo da kamfanin da ban ma san adireshin wakilinsa ba. Duk wanda zai shiga wannan harka ya tabbata shi da kansa ne yake da asusu a wurin wakilin, da lambarsa da imel ɗinsa, kuma rasit yana fitowa da sunansa.

Maitre_Plateau:
Abin da ya sami ɗan'uwa na Madaoua yana cikin dokar Delaware a rubuce: idan wakili ya ajiye aiki, kamfani yana da kwana 30 ya naɗa wani, in ba haka ba a soke takardarsa. Akwai wanda ya fi wannan muni, domin da zarar an miƙa wa wakili sammaci, a idon kotu an miƙa maka ne, kuma a kotun tarayya kwana 21 ne gare ka ka amsa. Idan takardar ta tsaya a akwatin dillali, za a yanke hukunci a bayanka.

Malam ɗan jarida kuma yana da gaskiya a rabi. Na yi magana ne a kan Delaware domin ita aka tambaya. A tsibiran Virgin na Birtaniya da Seshel lamarin daban ne: a can ba ka iya kafa irin wannan kamfani da kanka sai ta hannun wakili mai lasisi daga hukumar kuɗi, shi ne yake ajiye rajistar masu hannun jari da daraktoci, kuma wajibi ne ya san ainihin mai kamfanin ya ajiye shaidarsa. A Panama ma sai lauya ko ofishin lauyoyi ne yake zama wakili. Ƙungiyar GAFI mai yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda aka kafa a Paris a 1989, ta sa masu wannan sana'a cikin waɗanda dole su binciki abokin ciniki a shawararta ta 22, ta kuma ƙara tsaurara ta 24 a kan sanin ainihin mai kamfani a 2022. To amma ko a waɗannan wurare, wakili mai tsaron ƙofar rajista ne, ba mai ba da lasisin kuɗi ba.

A wurinmu dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar take bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ba ta ma gina tsarinta a kan wakili ba, a kan mazaunin kamfani ta gina shi. Sashe na 25 na dokar kamfanoni ya ce akwatin gidan waya kaɗai ba ya zama mazauni, sai an nuna adireshi ko kwatancen wuri da za a iya samu, domin nan ne wisiye, mai kai sammacin kotu, zai kai takarda. Sashe na 120 kuma ya ce reshen kamfanin waje ba ya wuce shekara biyu sai an mayar da shi kamfanin gida, in ba ministan kasuwanci ya ɗaga ƙafa ba. Ke nan ko Alhaji ya kafa na Delaware, zai dawo Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ya nemi RCCM da NIF, wato lambar rajistar kasuwanci da ta haraji, kamar kowa.

Dan_Jarida_227:
Maître, na karɓi rabin da ka ba ni, amma ina riƙe da sauran. Amurka da take matsa wa ƙasashenmu lamba a kan bayyana masu kamfani, dokarta ta bayyana ainihin masu mallaka sai a 1 ga Janairun 2024 ta fara aiki, kuma a watan Maris na 2025 FinCEN ta cire kamfanonin cikin gida daga wajibcin. Takardar kafa LLC a Delaware ba ta buƙatar sunan mai shi. Ingila ta fi su motsi, tun da daga Maris na 2024 ta hana amfani da akwatin gidan waya a matsayin adireshin kamfani. Don haka idan aka ce wakili mai tsaron ƙofa ne, sai a tambaya wace ƙofa, domin wata a buɗe take.

Tsohon_Zango:
Ni duk wannan lissafi ya sa ina tambayar kaina ko ba gara Alhaji ya zauna yadda yake ba. Mutanen Ader sun fi shekara hamsin suna aiko da kuɗi daga Abijan ta hannun 'yan kasuwa, a ba wani a Ajame da safe, iyali su karɓa a Bouza ko Keita kafin la'asar, ba takarda ba hatimi, kuma wanda ya ci amana ba ya sake shiga gari. Yanzu an kawo mana wakilin da bai san mu ba, ba mu san shi ba, kuma an ce ba ya tsaya wa kowa.

Hajiya_Yantala:
Baba, amanar nan gaskiya ce, ita ce ma jarin Alhaji na ainihi, amma shi da kansa ya ce abin ya fi ƙarfin littafi. Idan kuɗi masu yawa suka riƙa shiga asusun shagon kayan gini daga mutane daban-daban suna fita a ranar, ma'aikacin banki wajibi ne ya kai rahoton zargi ga CENTIF, hukumar da ke binciken kuɗin da ake zargi, kuma doka ta hana shi gaya wa mai asusun. Wannan wajibci yana kan noter da lauya da kwantabul su ma. Na ga 'yan kasuwa masu gaskiya da aka rufe wa asusu ba don sun yi sata ba, sai don sun kasa nuna takardar da ta ba su damar yin abin da suke yi.

Akwai wata ƙofa da ban ambata ba ɗazu, kuma ina ganin ita ce daidai da ƙarfinsa. Umarnin BCEAO mai lamba 013-11-2015 ya ba da damar mutum ya yi aikin aika kuɗi a matsayin ƙaramin wakili a ƙarƙashin banki ko cibiyar ba da ƙananan basussuka mai izini. Ana sa hannu a kwangila, ana liƙa sunan mai izinin a shago inda kowa zai gani, kuma mai izinin ne yake ɗaukar alhakin abin da wakilinsa ya yi a gaban hukuma. Wannan wakilci shi ne yake da nauyi a harkar kuɗi, domin yana rataye ne a jikin lasisin wani da ake iya ƙwacewa. Ribar ba ta kai ta mai cin gashin kansa ba, amma mutum yana koyon aikin sanin abokin ciniki da ajiye shaida, abin da za a tambaye shi ranar da ya nemi nasa izinin.

Salifou_Lyon:
Ina goyon bayan Hajiya, domin a Turai ma haka tsarin yake. Kamfanin da ya sami lasisin kuɗin lantarki a ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai, da jarin farko na yuro 350,000, wato kusan sefa miliyan 230, yana iya aiki a sauran ƙasashen ta hanyar sanar da hukuma, shi ya sa da yawa suka tafi Lituwaniya. Yana kuma iya naɗa wakilai, amma sai an rubuta sunan kowane wakili a rajistar hukuma, a Faransa ana duba su kyauta a rajistar da ake kira REGAFI. Sai dai wannan izini yana tsayawa a bakin iyakar Turai. Kamfanonin da muke aika kuɗi gida da su suna da lasisi a nan inda ake karɓa, a Nijar kuma suna haɗa gwiwa da banki ko kamfani mai izini wanda yake biya. Ƙafa biyu ce, kowace da takardarta. Haka Kano take, tun da Babban Bankin Najeriya yana da nasa lasisin na masu shigo da kuɗi daga waje, kuma dokar kamfanoni ta 2020 tana son kamfanin waje ya yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kafin ya yi kasuwanci a can.

Dan_Ader_Katako:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na gaya wa yaron ya dakata. Amma Hajiya, idan na zama ƙaramin wakili a ƙarƙashin wani, mutanen da na tara shekara da shekaru sun zama nasa ke nan, sunansa ne a rasit, ni kuma sai ɗan kamasho. Wannan ne yake ci mini rai, shi ya sa maganar kamfani nawa na kaina ta shiga kunnena tun farko.

Kwantabul_Wadata:
Alhaji, ba dole ba ne ka zaɓi ɗaya. Kana iya kafa kamfaninka a nan da sunanka, kamfanin ne zai sa hannu a kwangilar wakilcin, kuma abin da za ka tsaya a kai wurin ciniki shi ne sharaɗin fita da sharaɗin hana ka aiki da wani. Mafi yawan mutanenka ma a Abijan suke, cikin yankin sefa ɗaya, inda babu canji a tsakani.

Abdou_Greensboro:
Na Abijan mai sauƙi ne, amma mu na nan fa? Ko Alhaji ya zama wakili a Yamai, ranar da ɗan garinsu a Bronx ya tara dalolin mutane ya ce zai ba shi, wannan mai tarawar yana aika kuɗi ba lasisi, kuma shi ne zai fara shiga hannu. Sai dai su aika ta kamfani mai lasisin jihar, Alhaji ya zama mai biya a ƙarshen layi, idan bankin da yake ƙarƙashinsa yana da yarjejeniya da wannan kamfani.

Rabi_Manhaja:
Maître, tun da maganar ta dawo kan wanda ake tuntuɓa, idan mutum yana son ya sauya wakili a Delaware ba tare da ya bi ta hannun dillalin da ya buɗe masa ba, sabon wakilin zai iya shigar da takardar sauyin shi kaɗai, ko sai tsohon ya sa hannu? Ina tambaya ne saboda wata ƙawata da ke cikin irin halin da ɗan'uwa na Madaoua ya faɗa.

Maitre_Plateau:
Ba a buƙatar sa hannun tsohon wakili, wanda yake da ikon sa hannu a madadin kamfanin ne yake ba da umarni, sabon wakilin ya shigar da takardar. Matsalar ƙawarki za ta kasance wurin nuna cewa ita ce mai wannan iko, domin idan dillalin ne ya sa hannu a takardar kafawa kuma bai rubuta mata takardar miƙa ragama ba, sabon wakili mai hankali zai nemi yarjejeniyar gudanar da kamfanin da ke ɗauke da sunanta kafin ya taɓa komai. Ta fara duba ledar takardunta ta ga ko wannan yarjejeniya tana ciki, kuma da sa hannun wa.